Dawa ko ciyawa ga doki mai yawan zabura?

Dawa tana sa ƙiba da kuzari, amma ga dokin da ke wuni a turke, kuzarin nan zabura yake komawa. In ta yi yawa a ci ɗaya, hanji ba ya narkar da ita duka, sai ciwon ciki ya biyo.

Ciyawa da harawa sun fi dacewa da shi. Cikin doki ba ya daina fitar da ruwan tsami, tauna ce ke kawo yawun da ke rage kaifinsa. Dokin kilo 350 na buƙatar busasshiyar ciyawa kilo 6 zuwa 7 kullum. Mai fumfuna kuwa, a zubar.

In ana sukuwa da shi, a raba dawar kashi uku, bayan ciyawa. In za a sauya masa abinci, a yi sauyin a hankali cikin kwana 10.