Rediyon Littafi Mai Tsarki da na saya wa Mama

Tun da yanar ido ta kama Mama, Littafi Mai Tsarki nata na Hausa ya koma ƙarƙashin matashin kai, sai dai ta shafa bangonsa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ita ce ta koya mana haddar Zabura a gidanmu na Mabera.

A wani ɗan shagon littattafai kusa da majami'armu na samo mata ƙaramin rediyon nan mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa. Bai fi tafin hannu ba, a bayansa kuma akwai farantin cajin rana. A Sakkwato kuwa rana ba ta yi mana rowa: ta shanya shi a bakin taga da hantsi, ya kai ta har dare ko babu wuta.

Muryar mai karatun a natse take, ba ya gaggawa. Ranar farko na kunna mata Filibiyawa sura 4, wasiƙar da Bulus ya rubuta yana kurkuku amma yake ta cewa a yi farin ciki cikin Ubangiji. Mama ta ajiye tsintsiya, ta zauna bakin tabarma tana bin karatun da leɓe. "Ɗiyata, mayar da shi baya," in ji ta, hawaye na zuba tana murmushi.

Aibinsa ɗaya: maɓallan sun yi ƙanana ga tsofaffin yatsu. Na ɗiga man farce ja a kan na kunnawa, yanzu da kanta take laluba shi da asuba.