Dogon alminiyom ko kwanon bandir: wanne ya fi jure iskar farkon damina?

Wa alaikumus salam, Malam na Jega. Tsakanin rufin biyun da ka tambaya, dogon alminiyom da kwanon bandir, in dai don iskar farkon damina ce, sayi dogon alminiyom mai kaurin milimita 0.55. In aljihu bai kai ba ka sauko 0.45, amma kada ka yarda wani ya kai ka ƙasa da haka.

Shi ne a kan gidana a Birnin Kebbi, kuma ban taɓa jin ciwon kuɗin da na kashe ba. Akwai wata iska da aka yi mana da la'asar sakaliya a farkon wata damina, irin wadda gabas ke fara yin ja da ƙura kafin ta yi baƙi ƙirin. Muna daga ɗaki muna jin ƙarar kwanukan unguwa, wani na ɓanɓarewa wani na dukan katanga. Rumfar mai shayin bakin layinmu ɗungurungum aka tsince ta a wani kango. Da gari ya waye na sa tsani na hau, na bi layin ƙusoshi ina dannawa da hannu, ko guda bai ɗaga ba. Ganyen darbejiya da ledoji kawai na share na sauko.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Alminiyom ana yanko maka shi daidai tsawon rufinka, falle ɗaya daga ƙololuwa har baki, babu gami a tsakiya. Shi kuwa kwano gajere ne, sai an ɗora wani kan wani kafin a kai ƙasa, kuma kowane gami ƙofa ce ga iska. Ga tsatsa, wadda kan fara daga ramin ƙusa. Da ramin ya buɗe sai kwanon ya riƙa rawa, yau kaɗan gobe kaɗan, har ranar da zai tashi. Alminiyom ba ya irin wannan tsatsar.

Kwanon bandir dai yana da arha, akwai shi a kowace kasuwa, kuma in falle ɗaya ya tafi falle ɗaya za ka saya. Iyakar abin da zan faɗa masa ke nan. A rufa ɗakin kaji ko ɗakin ajiyar harawa da shi.

Sai dai kada ka ɗauka da ka sayi alminiyom ka gama. Ba shi da nauyi, ƙarfensa kusan kashi ɗaya bisa uku ne na nauyin ƙarfen kwano, kuma yana da taushi. In aka buga shi da ƙusar da ba ta da faffaɗar hula da roba a ƙasanta, iska za ta yage shi ta bar ƙusar tsaye a katako. Kuma in ka lura da gidajen da iska ta yi wa ɓarna a ƙauyukanmu, da yawa ba kwanon ne ya rabu da katako ba. Rufin ne baki ɗaya, kwano da katakonsa, ya tashi daga kan gini, domin ɗora shi kawai aka yi. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi sama, kuma ta fi cin ƙarfinsa a kusurwoyi da bakin rufi. Saboda haka ka tsaya da kanka ranar da kafinta zai yi aikin. A ɗaure katakon da langalanga ko rodin da aka binne cikin kankaren saman gini, ba a maƙale a bulon ƙarshe ba. A ƙara yawan ƙusa a kusurwa huɗu da bakin gabas, tunda daga can hadarinmu ke tasowa. Katakon ma a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin ya hau, don katakon da gara ta cinye ba ya riƙe ƙusa. In da hali a ɗaga gini ya ɓoye bakin rufin, ya fi a bar shi ya zaro waje da yawa don ado.

Masu ɗora bulo da duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan rufi, na san talauci ne ba son rai ba. Amma ranar da iska ta fi ƙarfinsu, a tsakar gida suke sauka, inda yara suke.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu sayarwa. Za a ce maka 0.55 ne, a rubuta a rasit, abin da za a sauke maka a ƙofar gida ko 0.45 bai cika ba, kuma ido ba ya bambancewa, musamman da yake an shafe shi da fenti. Ka je da wanda ke da ƙarfen awon kauri, a auna a gabanka a wurin yanka, a sake aunawa in mota ta kawo. Akwai kuma masu haɗa baki da kafinta, ya kai ka shagon da zai samu la'ada. Wasu ma ƙarfe mai fenti suke sayarwa da sunan alminiyom. Wannan kam gwajinsa da sauƙi: ka sa mayen ƙarfe a aljihu, in ya manne to ba alminiyom ba ne. A bandir kuwa falle 20 ne, ka ƙirga da hannunka kafin a ɗora a amalanke.

Duk rufin da ka sa, in hadari ya haɗo a rufe ƙofofi da tagogi, domin iskar da ta shiga ɗaki ita ke tura rufi daga ciki. A shigo da yara, kada kowa ya fake gindin bishiya, kada kuma a kusanci wayar lantarkin da ta faɗi ko da an ɗauke wuta. Batun sanyin hunturu kuwa, babu gwani tsakanin alminiyom da kwano, silin ne ke tare sanyi da zafi. Kuma don Allah kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Ka yi ƙoƙari a gama aikin kafin watan Mayu. Da an yi iskar farko kafintoci za su yi wuyar samu, kuɗin aikinsu ma ya tashi. Allah ya sa a gama lafiya.