pg_upgrade: saitin da yake ɗauka idan ba ka ce masa komai ba

Na yi amfani da pg_upgrade, kayan aikin PostgreSQL na ƙaura zuwa sabuwar siga, wajen ɗaga rumbun bayanai na PostgreSQL daga siga 14 zuwa 18, kuma abin da na fi sa wa ido shi ne me yake yi da kansa in mutum bai ba shi wani zaɓi ba, don galibinmu abin da muka tarar shi muke bi.

Gaskiya a nan waɗanda suka ƙirƙire shi sun yi tunani. In ka bar shi haka, kwafe fayiloli yake yi zuwa sabon wuri, tsohon rumbun yana nan ba a taɓa shi ba, eh yana cin lokaci kuma sai disk ɗinka na da wurin da zai ɗauki kwafi biyu, amma in abu ya lalace kana da inda za ka koma. Mai gaggawa shi zai rubuta --link da hannunsa, wanda ke gamawa nan da nan saboda haɗa fayilolin yake yi ba kwafewa ba, sai dai da zarar ka kunna sabuwar sabar to tsohuwar ta tashi daga aiki, shi ya sa ma yake canza sunan pg_control, fayil ɗin da sabar ba ta tashi sai da shi, zuwa pg_control.old don kar wani ya tada ta cikin rashin sani. Haka ya kamata, zaɓi mai haɗari sai ka nema da kanka. Wani abu ɗan ƙarami da ya burge ni, lokacin aikin yana tada sabobin a fot 50432 maimakon 5432 da aka saba, saboda kar manhajoji su shigo suna rubutu ana tsakiyar ƙaura.

Don Allah kar ka tsallake --check, zaɓin da ke dubawa kawai ba tare da ya canza bayanai ba. A siga 18 da ta fito a 2025, initdb, mai ƙirƙirar sabon rumbun, yana kunna checksum na bayanai (hanyar gano ko bayanai sun lalace) da kansa, a da kuwa a kashe yake zuwa, kuma pg_upgrade ba ya yarda sai tsohon rumbun da sabon sun zama iri ɗaya a wannan saitin. --check ne ya nuna min wannan tun ban taɓa komai ba, na sake initdb da --no-data-checksums aka wuce. Kuma a 18 pg_upgrade yana ɗauko galibin ƙididdigar tsohon rumbun da mai tsara tambayoyi (sashen da ke zaɓar yadda za a nemo bayanai) ke dogaro da ita, ba kamar da ba da sai ka jira kayan aikin vacuumdb ya sake tara ta daga farko.

Inda nake da ƙorafi shi ne postgresql.conf da pg_hba.conf, fayilolin saitin sabar da na dokokin shiga. Ba ya ɗauko su, an rubuta haka a takardunsa na sani, amma mutum ya shekara yana gyara saitinsa sannan sabuwar sabar ta tashi da saitin asali irin su shared_buffers 128MB da max_connections 100, ga dokokin shiga duk sun koma na asali, kuma aikin ya ce maka an gama lafiya. Na fahimci dalilinsu, wasu saituna ana cire su ko a canza musu suna tsakanin siga da siga, kwafewa kai tsaye na iya hana sabar tashi gaba ɗaya. To ko ba za su kwafe ba, ai da sun jero maka a ƙarshe cewa ga saitunan da ka canza a tsohuwar waɗanda babu su a sabuwar. Kafin su yi hakan, ni dai ina fitar da nawa daga pg_settings, jerin saitunan sabar, in ajiye a gefe tun kafin in kashe tsohuwar sabar, kuma ba na taɓa delete_old_cluster.sh, mai goge tsohon rumbun, sai na gwada saitunan ɗaya bayan ɗaya.