Mma ta ga bishiyar kirfa a Aburi

Gaskiya ba da son raina na je ba. Ƙanwata ce ta nace mu kai Mma lambun itatuwa na Aburi, a nan Ghana, ranar Asabar, ni kuwa ina ta mita: mu baro unguwar Nima a Accra, mu sha cunkoson unguwar Madina, mu hau dutse a trotro, wato motar haya, duk don kallon ganye? Direban da muka samu ma ya ƙara min haushi. Cusa mu ya yi kamar buhunan gawayi, kafin mu wuce Ayi Mensah ƙafata ta yi tsami.

Muna shiga ƙofa sai iska mai sanyi ta bugo mu, ga dogayen bishiyoyin nan masu kama da giginya sun jeru hagu da dama. Na ɗan sauko. Wani saurayi mai zagayawa da baƙi ya fara bayani, a 1890 Turawa suka buɗe wurin, nan jami'ansu ke zuwa jinya tun kafin a yi lambun, ga bishiyar da Sarauniya Elizabeth ta dasa a 1961. Mma ko a jikinta, carbinta kawai take ja.

Sai da muka isa wajen itatuwan ƙamshi. Ku sani, Mma ta fi shekara 30 tana sayar da kayan yaji a kasuwar Nima, citta, kimba, masoro, duk wanda ka sani. Yaron ya tsinko wani ganye mai sheƙi, ya murza, ya miƙa mata ya ce ta canka. Ta shinshina sau ɗaya ta ce, “Kanumfari ne.” Ya yi dariya ya girgiza kai. Ai kuwa ranta ya ɓaci! Ta ce masa da yaren Tuwi, “Ɗana, tun ba a haife ka ba nake auna kanumfari.” Bai ce komai ba, ya sa farce ya ɗan kankaro ɓawon reshe ya ba ta. Mma ta yi shiru. Ta sake shinshinawa, ta ɗaga kai ta bi bishiyar da kallo har sama, sannan a hankali ta ce, “Ikon Allah. Kirfa ce.” Ashe ganyen kirfa ƙamshin kanumfari yake yi, ɓawon ne ke da ƙamshin da muka sani a shayi. Matar da ta ƙulla kirfa a leda sau dubu ba ta taɓa ganin uwarta a tsaye ba. Ta shafa jikin bishiyar kamar ta ga 'yar uwa. Daga nan fa ta karɓe jagoranci, ta canki kafur tun kafin ganyen ya iso hancinta, wai warin akwatin aurenta ne.

Da a nan aka tsaya da na ce wurin ba shi da na biyu. Amma mutane! Wasu sun zo da lasifika kusa da tsohon jirgin nan mai saukar ungulu, kiɗa kamar gidan biki, ko kukan tsuntsu ba ka ji. Wasu kuma sun bi jikin itatuwa da wuƙa suna rubuta sunan budurwa. A gindin katon rimin nan, wanda saiwarsa ta fi ni tsawo, robobin ruwa na tsinta. Sai na tuna kuma trotro na jira na, haushin safe ya dawo sabo. In za ku je, ku je ranar aiki da sassafe, ku riƙe laima, don mun sha yayyafi.

Guntun ɓawon nan Mma ta ƙulle shi a bakin mayafinta. Tun ranar Litinin duk wanda ya zo sayen kirfa sai ta kwance ta nuna masa, ciniki na jira.