Kwamin baftisma a tsohuwar cocin Ingila: gyara, sayen tsoho, ko sabo?

Dokar Cocin Ingila ta riga ta rage wa mai saye zaɓi. Dole kwamin, wato babban mazubin ruwan baftisma, ya kasance da murfi, ya zauna kusa da babbar ƙofa gwargwadon hali, kuma ba a zuba komai a cikinsa sai ruwan baftisma. Ba a cire tsoho ko kafa sabo sai da izinin kotun dayosis (yankin cocin da bishop ke kula da shi), bayan an nemi shawarar kwamitinta na gine-gine. Kada a ba masassaƙi kafin alƙalami sai takardar ta fito.

Yawanci gyaran wanda ake da shi ya fi. A fara duba bakinsa. Tun ƙarni na 13 aka umarci a riƙa kulle kwamin, aka kafa masa maratayin ƙarfe a cikin dutsen. Ƙarfen nan idan ya yi tsatsa sai ya kumbura, ya tsaga bakin. A cire shi, a cike gurbin da kwaɓin farar ƙasa. Siminti kuwa a guje shi, don ya fi dutsen tauri, yana tare laima har dutsen da ke gefensa ya rube. Daga nan a cika kwamin da ruwa, a bar shi ya kwana. In ya ragu, shimfiɗar dalmar ciki ta huje, ruwa na shiga dutsen. A kuma gwada ramin da ke zurarar da ruwa ta cikin ginshiƙi zuwa ƙasa, ya kan toshe.

Kwamin cocin da aka rufe ya kan zo da sauƙin kuɗi, amma ɗauko da kafawa ne ke cin aljihu. A tambayi irin dutsen. Na Purbeck, a kudancin Ingila, kyakkyawa ne, sai dai a wuri mai damshi ɓarewa yake yi falle-falle. Na Portland, shi ma a kudancin Ingila, ya fi haƙuri.

Sabon kwamin tagulla mai ruwa yana gudana, irin wanda mai sassaƙa William Pye ya yi wa babbar cocin Salisbury a 2008, yana ɗaukar ido. Amma yana tafe da famfo, matata da lantarki, da mai kula da shi duk mako. Ƙaramar cocin ƙauye ba ta da wannan hannun.

Murfi mai tsayi kuma, a auna nauyinsa tukuna, a sa injiniya ya duba ko katakon rufin zai ɗauki sarƙa da abu mai nauyin da ke ɗaga shi.