"Je vais venir" ko "je viendrai": wanne za ki fara riƙewa?

'Yar'uwa, kin ce aiki zai kai ki Yamai, abokan aikin kuma da yawansu ba sa jin Hausa, da Faransanci ake shirya zuwa biki da ziyara. Littafinki ya ba ki hanya biyu ta faɗin abin da za a yi nan gaba, kina so ki san wacce ta fi. Ni dai ki fara da ta farko, wato irin ta "je vais venir".

Ta farkon ba ta da wuya ga Bahaushe, don da kalmar tafiya aka gina ta, kamar "za" ɗinmu ta "za ni kasuwa" da "zan zo". Ki haddace je vais (za ni), tu vas (za ki), on va (za mu), vous allez (za ku), sai ki jingina aikatau yadda yake a ƙamus, ba ki taɓa shi ba. Je vais venir samedi, zan zo ran Asabar. On va passer chez toi, za mu biyo ta gidanki. Ita ce ta bakin mutane, a ofis da waya da saƙon WhatsApp, musamman in abin ya matso ko an riga an tsayar da magana.

Ta biyun tana da ƙaya. Aikatau ɗin da kika fi bukata su ne ke sauya kama: venir (zuwa) ya koma je viendrai, aller (tafiya) ya koma j'irai, être (kasancewa) ya koma je serai, voir (gani) ya koma je verrai. Za ki gan ta a katin gayyata, "le mariage aura lieu", wato za a ɗaura auren, kuma tana da nauyin alkawari. In kika ce wa uwar amarya je serai là, zan kasance a wurin, kin ɗaure kanki. Bayan quand ma ita ake so: quand j'arriverai, je t'appellerai, in na iso zan kira ki. Waɗannan aikatau huɗun na sama da on verra, "ma gani", sun ishe ki a farko.

Abin da ya fi damuna, kada nahawu ya shagaltar da ke daga jimlolin da ke buɗe maganar. Tu es libre dimanche ? (kina da lokaci ran Lahadi?) Ça te dit ? (kina so?) On se retrouve où ? (a ina za mu haɗu?) Ga shugabarki ko babbar mace kuwa, vous êtes libre, da vous na girmamawa, kada ki yi mata tu na tsara sai ita ta ba ki dama. In ba za ki samu zuwa ba, désolée, je suis prise, wato yi haƙuri, ina da wani abu, kuma tunda ke mace ce sai an ji "z" a ƙarshen prise.

Ki kuma kula da agogo. Seize heures ƙarfe 4 ne na yamma, wajen la'asar. In an ce à la descente, bayan an tashi aiki ake nufi. Baptême kuma a bakin Musulmin Nijar suna ne, don haka ki tanadi ɗan sabulun barka kafin ranar.