Matacin wuta ko sitabilaiza: wanne zai gyara sautin amfilifaya?

Ɗan'uwa, ka ce amfilifayarka mai wat 100 tana daɗin saurare da safe, amma da magariba sai bes ya saki, muryoyi su yi kaushi, ga kuma wani gurnani a sifika ko ba ka sa waƙa ba. Kana tambaya ko ka sayi matacin wuta irin na Furman ko AudioQuest, ko babbar sitabilaiza. Kafin ka fitar da ko sisi, ari mita ka auna soket ɗinka da ƙarfe takwas na dare.

Wutarmu bolt 230 ya kamata ta zama, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Idan unguwa ta kunna fanka da firji da hita, ba abin mamaki ba ne ka ga 180. Yawancin manyan amfilifayoyi ba sa daidaita wutar da ke shigar musu, kuma ƙarfinsu yana faɗuwa fiye da faɗuwar bolt ɗin: a kan 180, mai wat 100 ba za ta wuce wat 61 ba kafin ta fara yanke kan sauti. Kaushin da kake ji ke nan. Yankewar nan ce kuma ke ƙona ƙananan sifikun sama, don haka batun ya wuce na daɗin kunne.

Matacin wuta ba don wannan ciwon aka yi shi ba. Aikinsa tace ƙananan hayaniyar da caja da ƙwan LED da tashin firji ke zubawa a layi, da tare wutar da ta yi tsalle. Galibinsu idan 180 ta shiga, 180 za ta fita, a tace dai amma ba ƙarfi. An ƙera su ne da tunanin gidajen Turai da Amurka inda wuta ke tsaye cak. Amfilifaya mai kyau ma tana da taransifoma da manyan kafasitoci da ke yin mafi yawan tacewar, shi ya sa bambancin kan yi kaɗan. Inda na fi yarda da matacin shi ne wajen garmaho, domin siginar allura ƙarama ce ƙwarai, ƙazanta kaɗan sai ta fito fili. In za a aiko maka daga Amurka, duba bayansa da kyau, na can na bolt 120 ne.

Sitabilaiza ita ce ke ɗaga wutar, amma iri biyu ce. Mai rile (relay), wadda ke ƙas-ƙas, tsalle take yi mataki-mataki, wani lokaci har ka ji ƙarar a sifika. Ta firji ce. Mai sabo (servo) kuwa ƙaramin inji ne ke jan buroshi a kan taransifoma, wutar ta hau a hankali ta tsaya kusa da inda ake so. Ita nake ba ka shawara. Sayi wadda ta ninka buƙatarka, saboda ƙarfinta yana raguwa idan wutar shiga ta yi ƙasa, ka kunna maɓallin jinkiri don kada dawowar wuta ta bugi kayanka, ka kuma ajiye ta nesa da inda kake zama domin injin yana da 'yar ƙara.

Da matacin da sitabilaizar duk ba sa gyara saurin juyin wutar janareta. Idan janareta na gudu a 52 maimakon 50, garmahon da injinsa ke bin juyin wuta zai ƙara sauri da kashi 4 cikin 100, ka ji muryar mawaƙi ta ɗaga. Maganin wannan shi ne na'urar da ke mayar da wutar irin ta batir sannan ta sake ƙera ta sabuwa, kamar wasu UPS masu aiki ta batir kullum. Inbata mai fiyo sayin (pure sine), wato mai fitar da wuta mai santsi irin ta gari, ma tana yi, sai dai da yawansu idan akwai wutar gari suna miƙa ta ne yadda ta zo. Inbata mai araha wadda wutarta ke da gaɓa-gaɓa kam kada ta kusanci kayanka, taransifoma zai yi zafi yana kuka.

Gurnanin kuma da wuya a ce laifin wutar ne. Zare duk wayoyin da ke shiga amfilifaya, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa wayar dish ce ke kawo shi, ko kayan da aka rarraba a soket daban-daban. Haɗa su a layi guda. Ka kira mai wayarin ya gwada wayar ƙasa ta gidan, musamman da rani idan ƙasa ta bushe, domin ba tare da ita ba matacin ma ba zai yi cikakken aikinsa ba. Wani zai ce ka karya ƙafa ta uku ta fulogi gurnanin ya tafi. Don Allah kada ka yi, ita ce ke hana jikin amfilifayar kama ka ranar da waya ta taɓa ƙarfe a ciki.